Ƙwayar harsashin .44 Magnum tana zamewa gaba silinda ta cije, yaya ake matsin bakin kwanso daidai?

Tambayar da ɗan'uwa ya turo ita ce: "Ina ɗura harsashin .44 Magnum da hannuna, ƙwaya mai nauyin giren 240 da albarushi H110. In na harba huɗu ko biyar sai silinda ta ƙi juyawa, da ƙyar nake buɗe ta, sai in tarar ƙwayar da ta rage ta leƙo waje. Na ƙara matse bakin kwanson sosai, yanzu kuma wasu sun kumbura ba sa ma shiga silinda. Yaya ake matsin nan daidai, kuma a ina zan tsaya?"

To ɗan'uwa, kafin komai ka daina ƙara murɗa dayis ɗin nan ƙasa, wato ƙarfen da ake ɗaurawa a injin ɗuri yana matse bakin kwanso, domin kumburin da ka gani ya riga ya gaya maka ka wuce gona da iri, kuma abin da zai ba ka mamaki shi ne mai yiwuwa tun farko ba matsin baki ne ya yi maka kaɗan ba. Yawancin masu wannan matsala riƙon kwanso ne ba su da shi, wato yadda jikin kwanson yake rungume ƙwayar tun kafin a lanƙwasa bakinsa. In wannan riƙon babu, ko ka matse bakin har tagulla ta tsage ƙwayar sai ta zame. Bari in bi maka shi a hankali.

Abin da ke faruwa a cikin libarba, wato ƙaramar bindiga mai silinda da ke juyawa irin taka, shi ne, duk lokacin da ka harba ɗaya, bindigar gaba ɗaya tana yin baya da ƙarfi cikin ƙiftawar ido, silinda ta ja sauran kwansayen ta leɓen gindinsu su ma su yi baya, amma ƙwayar mai nauyi ce, tana son zama inda take. Kamar mutum ne a tsaye a bayan mota direba ya finciki motar, ƙafa ta tafi jiki ya tsaya. Saboda haka ba ƙwayar ce ke tafiya gaba ba, kwanson ne ake zare mata ta baya kaɗan kaɗan, kuma harsashi na shida a silinda mai rami 6 sai ya sha wannan fizgar sau 5 kafin layi ya zo kansa. In ƙwayar ta wuce fuskar silinda sai ta tokare da gindin bututu, shi ke nan bindiga ta zama ƙarfe kawai a hannunka. Abu biyu ke ƙara wannan: nauyin ƙwaya da rashin nauyin bindiga. Smith & Wesson 329PD da aka yi da gaurayen alminiyam mai sikandiyam bai kai gram 800 ba, Ruger Super Redhawk kuwa ya kai kusan kilo ɗaya da rabi, ka ga harsashin da zai zauna lafiya lau a cikin Ruger ɗin yana iya zamewa a harbi na uku a cikin 329. Shi ya sa ma Smith & Wesson suka rubuta a littafin bindigoginsu marasa nauyi cewa mutum ya gwada harsashin da zai yi amfani da shi, ya harba ya bar na ƙarshe ya duba ko ya motsa. Ba ka faɗi wace bindiga ce a hannunka ba, amma ka riƙe wannan a ranka.

Akwai kuma dalili na biyu da ya sa magnum ke son riƙo mai ƙarfi, kuma ya shafe ka kai tsaye tunda H110 kake zubawa. H110 da Winchester 296 albarushi ɗaya ne a gwangwani biyu, mai cin wuta a hankali, kuma ba ya ƙonewa da kyau sai furesha, wato matsin iskar da wutar ke haifarwa a ciki, ta taru. In ƙwayar ba ta da riƙo, ƙarfin firaima kaɗai, wato ɗan maɓallin da ke kunna wuta a gindin kwanso, yana iya tura ta gaba kafin albarushin ya kama sosai, ɗakin albarushi da ke bayan ƙwayar ya ƙaru furesha ta faɗi, sai ka ga gudun harsashi yana hawa yana sauka, ka ga burbushin albarushi mai ruwan ɗorawa da bai ƙone ba a cikin kwanso da ƙarƙashin tauraron da ke fitar da kwansaye, in abin ya yi muni ƙwaya ta maƙale a cikin bututu. Wannan na ƙarshen shi ne abin tsoro na gaske, domin in ka harba wani a bayansa bindigar na iya fashewa. Duk ranar da ka ji ƙara ta fita daban ko shurin ya yi laushi, ka tsaya, ka fitar da harsasai ka leƙa bututu. Haka kuma irin wannan albarushi ba a rage shi ƙasa da inda littafin ɗuri ya ce a fara, kuma firaima ta magnum ake sa masa. 2400 na Alliant da IMR 4227 da Accurate No. 9 sun fi shi haƙuri, amma su ma duk suna son riƙo mai kyau. Ba zan ba ka awon albarushi a nan ba, wannan daga littafin kamfanin da ya yi albarushin ko ƙwayar ake ɗauka, ba daga bakin mutum ba.

Yanzu maganar riƙo. Ka ɗauki kwanso ɗaya ba firaima ba albarushi, ka wuce da shi ta dayis na farko mai matse jiki, ka buɗa bakinsa, ka zaunar da ƙwaya, amma kar ka matse baki ko kaɗan. Sai ka kifa hancin ƙwayar a gefen teburi ka danna da babban yatsa iya ƙarfinka, ka auna tsawonsa da kalifa, wato na'urar awon tsawo da kauri, kafin da bayan dannawar. In ya ragu ko da inci 0.002 ne to ga ɓarawonka nan. Harsashin magnum mai riƙo in ka juya shi a haske za ka ga sawun gindin ƙwayar a jikin kwanso, sama ya ɗan fi ƙasa kauri, har wasu sababbin shiga su ɗauka aibi ne. Ba aibi ba ne, abin da ake nema ke nan.

In ka tarar riƙon ya yi sako-sako, wurare kaɗan ne za ka duba. Na farko sandar da ke cikin dayis na biyu, mai buɗa kwanso. Ka kwance ta ka auna kaurinta. Ƙwayar .44 mai rigar jan ƙarfe yawanci inci 0.429 ce ko 0.430, sandar kuwa ya kamata ta gaza ƙwayar da kamar 0.002 zuwa 0.003, wato wajen 0.426 zuwa 0.427. In ka same ta 0.428 ko sama ta yi kauri, ko ka sayi wata ko ka ɗaura ta a direla ka goge ta da sanfefa mai laushi kaɗan kaɗan kana aunawa. Na biyu, yawan buɗa baki. Mutane da yawa suna buɗe bakin kwanso har ya zama kamar na kakaki saboda ƙwaya ta zauna musu da sauƙi, to duk abin da ka buɗa ka rage tsawon wurin da ke riƙo ke nan, kuma ka gajiyar da tagullar. Iya yadda gindin ƙwaya zai tsaya a baki ba tare da ya kankare ba, shi ne daidai, ba ƙari. Na uku dayis na farko, ka tabbata yana sauka ya matse kwanson har ƙasa yadda kamfanin ya ce a saita shi. Na huɗu kuma shi kansa kwanson. Tagulla in ta sha ɗuri da harbi sau da yawa tana taurara, ta daina komawa ciki ta kama ƙwaya, kuma kaurin bango ya bambanta daga kamfani zuwa kamfani, in ka cuɗa Starline da Remington da Winchester a buhu ɗaya kowane da irin riƙonsa. Ni dai ra'ayina, ɗuri mai zafi na magnum a yi shi a kwanso sabo ko wanda bai sha wuya ba, na kamfani ɗaya, tsofaffin a bar su wa ɗuri mai sauƙi na atisaye. Ka kuma duba kar maiƙo ya shiga cikin bakin kwanso, ko ɗan kaɗan ne yana rage riƙo.

Sai tsawon kwanso, wanda shi ne nake zargin ya jawo maka kumburin nan da wasu suka yi wasu ba su yi ba. Dayis mai matse baki ba ya gani, kafaɗa ce kawai a cikinsa da ke tsaye a wuri ɗaya, duk kwanson da ya iso ta sai ta lanƙwasa bakinsa ciki. In ka saita shi da gajeren kwanso, dogon in ya zo sai a lanƙwasa shi fiye da kima, tagullar ta rasa inda za ta je ta turo waje ta kumbura ƙasa da baki. In ka saita da dogo, gajeren ya fita kusan ba matsi. Ka ji mutane suna cewa kwanson ƙaramar bindiga ba a datse shi, gaskiya ne ga 9mm da .45 ACP, amma ga libarba mai magnum ba haka ba ne. Iyakar tsawon kwanson .44 Magnum inci 1.285 ne, ana datse shi zuwa 1.275, na .357 Magnum kuwa 1.290 ana datsewa zuwa 1.280. Ba lambar ce ta fi muhimmanci ba, muhimmin abu duk su zama tsawo ɗaya, bambancin kar ya wuce 0.002 ko 0.003. Abin daɗin shi ne irin wannan kwanso mai miƙaƙƙen bango ba ya ƙara tsawo kamar na raifil, in ka datse sau ɗaya ka goge kaifin baki ciki da waje zai daɗe bai nemi wani ba. Ka lura kuma da kwansayen Hornady da aka ɗura da ƙwayar FTX mai jan hancin roba, waɗannan da gangan aka yi su gajeru, in suka shiga cikin naka za su ruɗa ka, ka ware su gefe.

To sai irin matsin. Iri biyu ne. Akwai na naɗi, wanda ake lanƙwasa leɓen kwanso ya shige cikin tsagin da ke jikin ƙwaya, akwai kuma na tsuke, wanda kawai yake mayar da bakin da aka buɗa ya kwanta a jikin ƙwaya. Bindiga mai ɗura kanta irin 9mm bakin kwanso ne ke tsayar da harsashi a cikin ramin da yake zama a gindin bututu, shi ya sa ba a naɗe shi. Libarba kuwa leɓen gindi ne ke tsayar da shi, bakin ba ruwansa da wannan aikin, saboda haka kana da damar naɗe shi, kuma ga magnum na naɗin ne kawai zai yi. Ka duba dayis ɗinka ka tabbata na naɗi ne, domin wasu saiti suna zuwa da na tsuke.

Kuma matsin naɗi ba ya aiki sai da wurin da zai shiga. Ƙwaya mai riga tana da wani zobe mai zane-zane a jikinta, ta dalma kuma tana da tsagi na musamman saman tsagin maiƙo. Zurfin da za ka zaunar da ƙwaya wannan tsagin ne ke yanke shi. Ka zaunar har bakin kwanso ya kai sama-saman zoben, ya rufe mafi yawansa ya bar ɗan siriri kana gani, domin in leɓen ya lanƙwasa ya faɗa cikin kwarin ya kama bangonsa na ƙasa, wanda shi ne zai hana ƙwayar fita. In bakin ya tsaya ƙasa da zoben ko ya haura shi, kana matse tagulla ne a kan bango mai santsi, ba inda za ta shige, nan ma kumburi ne. Bayan haka ka auna tsawon harsashin duka ka gwada da abin da littafi ya ce na wannan ƙwayar, iyakar da SAAMI, ƙungiyar da ke tsara ma'aunin harsasai a Amurka, ta sa wa .44 Magnum inci 1.610 ne, .357 kuma 1.590. In ka yi amfani da ƙwayar da littafin ya ambata, yawanci za ka ga tsagin da tsawon sun dace da juna da kansu. Wasu ƙwayoyi masu nauyi irin giren 300 suna da zobe biyu, ɗaya na silinda doguwa ɗaya na gajera, kuma awon albarushinsu ba ɗaya ba ne tunda ɗakin da ya rage a ciki ya bambanta, kar ka ɗauki awon wannan ka sa wa wancan.

Shawarar da na fi ba wa duk mai ɗura magnum ita ce ya raba zaunarwa da matsewa, aiki biyu daban. Saitin dayis uku yana yin su a bugu ɗaya, kuma ana iya saita shi ya yi kyau, amma ka yi tunani, a daidai ƙarshen bugun sanda tana ci gaba da tura ƙwaya ƙasa yayin da kafaɗa ta riga ta fara cusa leɓen kwanso a jikinta. Ga matsi mai sauƙi ba komai, ga matsi mai nauyi irin wanda kake buƙata sai leɓen ya kankare dalma ko ya kama riga ƙwayar ta ja kwanson ƙasa ya yamutse. In ba ka da dayis na huɗu ba sai ka saya yau ba, ka ɗaga jikin dayis ɗin sama yadda kafaɗar ba za ta taɓa baki ba, ka zaunar da ƙwayoyin duka, sannan ka janye sandar zaunarwa can sama, ka sauke jikin dayis ka bi su ɗaya bayan ɗaya ka matse. Lokaci ne kawai zai ƙaru.

Yadda ake saitawa kuwa, ka sa harsashin da ka zaunar wa ƙwaya a kan inji ka ɗaga shi har ƙarshe, ka murɗa dayis ƙasa da hannu har ka ji ya taɓa bakin kwanso ya tsaya. Wannan ne mafarinka. Ka sauke harsashin, ka ƙara murɗa dayis kwata na zagaye, ka ɗaga ka duba. Zaren dayis 14 ne a inci ɗaya, wato zagaye ɗaya cikakke yana sauke shi kusan inci 0.071, kwata kuma kusan 0.018, ka ga ashe "ɗan ƙarin murɗi" da mutum ke yi da hannu ba ƙarami ba ne a wurin tagullar da kaurinta a baki bai fi 0.012 ba. Daga nan ka riƙa ƙarawa da ɗaya bisa takwas na zagaye kana dubawa. Yawancin dayis matsin magnum mai kyau yana fitowa ne tsakanin rabin zagaye da abin da ya ɗan ɗara haka, amma kowane kamfani da siffar kafaɗarsa, saboda haka idonka ne alƙali. Ka ajiye harsashin kamfani guda ɗaya mai irin nauyin ƙwayarka a gefe kana kwatantawa, in da gilashin ƙara girma ya fi. Abin da kake nema shi ne leɓen ya yi lanƙwasa mai kyau zagaye ya nutse cikin tsagi, in ka ja farce daga hancin ƙwaya zuwa kwanso ya wuce ba tare da ya kama kaifi ba. In ka fara ganin wani zobe mai sheƙi a baje a bakin kwanso kamar an daka shi, ko ka shafa ka ji tudu ƙasa da baki, ka wuce, koma baya. In ka samu yadda kake so ka ɗaure zoben kulle, ka ajiye wannan harsashi marar albarushi ka rubuta a jikinsa, gobe shi zai saita maka cikin minti ɗaya.

Ga abin da mutane ba su cika ganewa ba game da wuce gona da iri: matsin da ya yi yawa yana rage riƙo ne, ba ya ƙarawa. In leɓe ya cika tsagi ka ci gaba da dannawa, bangon kwanson da ke ƙasa sai ya bankare ya rabu da jikin ƙwaya, riƙon da ka sha wahala ka samu ya tafi. Sannan tagulla in an matse ta tana ɗan dawowa, dalma kuwa in an matse ta ta matsu ke nan ba ta dawowa, to in ka matse su tare kwanson ya buɗe kaɗan ƙwayar ta zauna a tsuke, har ka ga kana iya juya ƙwayar da yatsu a cikin kwanso duk da bakin a naɗe yake. Wannan na iya zama abin da ya same ka a zagaye na biyu. Ga kuma asarar kwanso, domin buɗawa da naɗewa su ke tsaga baki, masu rufin nikel ma sun fi saurin tsagewa.

Irin ƙwayar ma tana da nata hukunci. Ta dalma da aka zuba a mazubi ita ta fi daɗin matsewa, musamman salon Elmer Keith, mutumin da gwaje-gwajensa da .44 Special suka kai ga fitowar .44 Magnum a tsakiyar shekarun 1950. Ƙwayarsa ta Lyman 429421 tana da tsagi mai zurfi mai gangare wanda leɓen kwanso ke kwanciya a ciki daram, da wuya ka ga ta zame in riƙo yana da kyau. 'Yar'uwarta ta .357, wato 358429, hancinta dogo ne, in ka matse ta a tsaginta cikin kwanson .357 ba ta shiga wasu silinda gajeru irin ta libarba Model 27 ta Smith & Wesson, shi ya sa wasu ke matse ta saman zoben gaba, amma wannan yana cinye ɗakin albarushi dole a rage awo bisa littafi. Ga ƙwayar dalma sandar buɗawa mai hawa biyu irin ta Lyman M tana taimakawa sosai wajen zaunar da ita a miƙe ba kankara. Mai riga irin XTP ta Hornady zobenta ya isa, amma wasu masu arha zoben nasu zane ne kawai ba zurfi, waɗannan ba sa ɗaukar matsi mai nauyi. Mai siririn rufin jan ƙarfe da ake yi da lantarki kuwa, irin na Berry's, yawancinsu ba su da tsagi, in ka naɗe baki da ƙarfi sai ka yanke rufin ya ɓare a hanya, kuma su kansu masu yin su sun sa musu iyakar gudu da bai kai na cikakken magnum ba. In irinsu ne kake zuba wa H110 to ba dayis za ka gyara ba, ƙwayar za ka canza.

Tunda za a tambaya, maganar Lee Factory Crimp Die, wani dayis na matse baki da kamfanin Lee ke yi. Na ƙaramar bindiga yana da zoben kabaid a gindinsa wanda ke sake matse harsashin duka yayin shiga da fita, shi ya sa duk abin da ya bi ta cikinsa yake shiga silinda. Ga ƙwaya mai riga yana aiki lafiya kuma saitinsa da sauƙi. Ga ƙwayar dalma mai kauri 0.431 ko 0.432 a kwanso mai kaurin bango ni ba na son sa, domin zoben yana iya tsuke ƙwayar a cikin kwanso, ka rasa riƙo kuma ka samu dalma tana mannewa a bututu. Kuma in ka ce za ka wuce da kumburarrun nan naka ta cikinsa don su shiga, ɓoye ciwon ka yi, ba ka warkar da shi ba. Lee suna da wani mai kama baki ta gefe wanda ba shi da zoben, bai damu da ɗan bambancin tsawon kwanso sosai ba. Redding Profile Crimp kuma yana fara tsuke bakin sannan ya naɗe shi, masu ɗura .454 Casull da .500 S&W, inda furesha ke kaiwa psi 60,000 zuwa 65,000 alhali ta .44 Magnum 36,000 ce, da yawansu shi suke so. Amma dayis na RCBS ko Hornady ko Lyman da ya zo a saitinka, in kwansaye tsawo ɗaya ne kuma ka raba aikin biyu, zai yi maka .44 ba tare da wata matsala ba.

Waɗanda suka riga suka kumbura kar ka tura su silinda da ƙarfi. Ka sa gilashin kare ido ka zare ƙwayoyin da gudumar zare harsashi, kuma ka duba ƙwayar da ka zare, za ta nuna maka aikinka: in ka ga leɓe ya yi mata ƙugu mai zurfi ko ka auna ka ga ta ragu da kauri, ka san matsi ko zoben kabaid ya cuce ta. Yawan bugun da ka yi kafin ta fito shi ma ma'auni ne, harsashin magnum mai riƙo yana ba da wuya. Kafin ka ɗora wa harsashi laifin ƙin shiga kuma ka leƙa ramukan silinda, in kana harba .44 Special a ciki yana barin zoben dauɗa daidai inda gajeren kwansonsa ya ƙare, dogon in ya zo sai ya cije a nan, burushi ne maganinsa. In kuma silinda ta sake cijewa a wurin harbi, baki yana kallon inda ba kowa, yatsa nesa da kunama, ka tura ƙwayar da ta leƙo baya a hankali da ɗan itace ta gaban silinda har ta buɗu, wannan harsashin kuma kar ka harba shi, na zarewa ne.

In ka gyara duka sai gwaji, kuma kar ka ɗura ɗari biyu kafin ka gwada, ka ɗura goma sha biyu zuwa ashirin. Tunda ka ƙara riƙo furesha na iya ɗan hawa, saboda haka ka koma awon farawa na littafi ka hau a hankali kamar sabon ɗuri. Ka ɗauki harsashi ɗaya ka yi masa alama da alƙalamin maka a gindi, ka auna tsawonsa ka rubuta, ka cika silinda ka harba biyar ka bar mai alamar, ka fitar ka auna. Ka mayar da shi ka sake cika sauran ramukan ka harba biyar, ka sake aunawa. Harsashin da ya sha shuri goma bai ƙaru da fiye da 0.003 zuwa 0.005 ba, ni a wurina ya ci jarrabawa. In ya ƙaru kaɗan a zagayen farko ya tsaya a nan, leɓen ne ya gama zama a bangon tsagi, ba damuwa. In kuwa yana ci gaba da tafiya kowane zagaye, ka koma kan sandar buɗawa da kwanson kafin ka taɓa dayis na matsi. In kana da na'urar auna gudu ka duba ko harbi na biyar da na shida suna faɗuwa ƙasa da na farko, wannan alama ce ƙwaya tana motsi ko da ido bai gani ba. Kuma a bindigar da za ka yi amfani da ita za ka yi gwajin, riƙe da ita yadda ka saba riƙewa, domin sakamakon wata ba ya tsaya wa wata.

In kana da raifil mai liba irin Marlin 1894 da ke cin .44 ɗin, can matsalar juyewa take yi, harsasai suna jere a bututun ajiya sifirin yana danna su, ƙwaya ciki take son komawa, wanda ke rage ɗaki ya ɗaga furesha. Matsin naɗin da ya zauna a tsagi yana tare duka biyun, amma ka yi irin wannan awon a can ma, ka bar ɗaya a bututun ajiya ka harba sauran sannan ka auna ko ya gajarta, kuma ba a jera ƙwaya mai tsinin hanci mai tauri a irin wannan bututu, sai mai faffaɗan hanci ko mai hancin roba irin FTX.